Muhawara: Sauyin halin maganaɗisu a ragar alwatika, sau nawa yake faruwa kuma da me ake gane shi?

Auwalu:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman a warware mini wani abu game da antiferomagnet masu ragar alwatika, wato sinadaran da kowane sifin (ɗan maganaɗisun atam) yake son saɓa wa maƙwabcinsa. Asalin matsalar na gane ta: sifin uku a kusurwoyin alwatika, kowanne yana son ya saɓa wa maƙwabcinsa, na farko ya kalli sama, na biyu ya kalli ƙasa, na uku ya rasa inda zai sa kansa. Wannan kiki-kakar ba ta ɗaure mini kai ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Ba3CoSb2O9 yana sauya hali sau ɗaya a wajen 3.8 K (kelbin), CsNiCl3 sau biyu, a 4.85 K da 4.4 K, shi kuwa Ba8CoNb6O24 an sauke shi har kusan 0.06 K bai nuna komai ba. Ragar iri ɗaya ce. Me ya raba su? Kuma in mutum zai zana taswirar zafi da filin maganaɗisu, da wane awo zai fara?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam Auwalu. Raga ita kaɗai ba ta yanke hukunci, sai ka faɗi irin 'yancin da sifin yake da shi. In sama da ƙasa kawai ya sani, wato samfurin Ising, alwatika ɗaya tana da jeri 8, kuma 6 daga ciki kuzarinsu ɗaya ne, mafi ƙanƙanta. Wannier ya warware ragar gaba ɗaya a 1950: babu tsari a kowane zafi, kuma ko a sifiri akwai ragowar entirofi kamar 0.323 kB kan kowane sifin. In kuwa sifin yana iya juyawa ko'ina, wato samfurin Heisenberg, to akwai sulhu. Kuzarin alwatika yana tafiya da murabba'in jimillar sifin ukun, don haka abin da ake nema su haɗu su ba da sifiri, kowanne ya karkace wa ɗan'uwansa da digiri 120.

Yawan sauyin kuma daga inda kiristal ya fi son sifin ya kwanta yake fitowa. A Ba3CoSb2O9 sifin ya fi son kwanciya cikin shimfiɗar ragar, sai tsarin 120 ya zauna a ciki daram, sauyi ɗaya ya wadatar. A CsNiCl3 layin c, wanda ke tsaye a kan shimfiɗar ragar, ya fi so. Tsarin 120 dole ya miƙe tsaye ya ƙunshi c, ya ɗan gurɓace, sai ɓangaren sifin da ke bin c ya riga daidaituwa a 4.85 K, ɓangaren da ke gicciye ya biyo baya a 4.4 K. Tazarar da ke tsakanin biyun ma'auni ce ta ƙarfin wannan fifikon.

Dakta Bashir:
Na uku kuma, ƙanena, ba kiki-kaka ce ta hana shi ba. Ƙa'idar Mermin da Wagner ta 1966 ta ce raga mai fuska biyu da sifin Heisenberg ba za ta yi tsari mai dogon zango ba muddin zafi ya ɗara sifiri. Duk wani zafin Néel, wato zafin da tsari ke farawa, da ka gani a irin waɗannan sinadarai, ɗan haɗin da ke tsakanin faifai da faifai ne ya kawo shi, ko fifikon alkibla. A Ba8CoNb6O24 an jera faifayen da ba su da maganaɗisu masu yawa tsakanin na kobalt, tazarar ta kusa 19 Å, haɗin ya mutu murus. Amma awon niyutiron da na NMR (awon sifin ƙwayar atam) sun nuna alaƙar 120 tana ta girma yayin da ake sanyaya shi. Tsarin yana tafe, zafin ne bai sauka isasshe ba.

Shi ya sa ba na son yadda ake dogara da lambar f, wato |θ|, zafin Curie da Weiss, a raba da zafin Néel, a ce in ta haura 10 an samu kiki-kaka mai ƙarfi. Ragar murabba'i wadda ba ta da kiki-kaka ko kaɗan, in faifanta sun yi nisa da juna, f ɗinta zai yi sama.

Injiniya Rabi'u:
Kuma θ ɗin ma sau da yawa ba daidai ake ciro shi ba. In J ƙarfin haɗin maƙwabta ne, S kuma girman sifin, ga maƙwabta 6, θ = −2JS(S+1), wato −1.5J ga sifin rabi. A Ba3CoSb2O9 J ya kai kamar 18 K, θ ya kamata ya fito wajen −27 K, f kuma kamar 7. Amma Co2+ sifin rabi ne na aro. Haɗuwar sifin da obit ce ta ware matakai biyu a ƙasa, sauran suna sama da 'yan ɗaruruwan kelbin. Wanda ya ja layin Curie da Weiss tsakanin 200 K da 300 K ya auna waɗancan matakan na sama ne, zai sami θ babba wanda bai shafi J ba. Layin a ja shi ƙasa da kamar 50 K, amma nesa da zafin Néel, bayan an cire gudummawar Van Vleck wadda ba ta damu da zafi ba. Yb3+ ma haka yake.

Game da inda za ka fara, Auwalu: hoton X-ray na gari tukuna, don ka san ko akwai baƙon sinadari. CoO kaɗan da ya rage yana da nasa sauyin kusa da 290 K, Co3O4 kuma wajen 40 K, kuma za su fito a awonka kamar naka ne. Sai awon maganaɗisu a ƙaramin fili, 0.01 T (tesla) zuwa 0.1 T, sau biyu: an sanyaya babu fili, an sanyaya da fili. Sannan awon riƙe zafi, wanda shi ne zai ba ka iyakokin taswira.

Auwalu:
Na gode Injiniya. To a awon riƙe zafin, yaya zan bambanta sauyi na gaske da tudun da ba komai ba ne?

Injiniya Rabi'u:
Sauyi na gaske tsini ne mai kaifi. Faffaɗan tudu alamar alaƙa ce ta gajeren zango, kuma a ragar alwatika yawancin entirofi a wannan tudun yake tafiya, tun kafin a kai zafin Néel. Lissafa shi: ka cire na girgizar raga ta hanyar auna tagwayen da ba shi da maganaɗisu, a nan Ba3ZnSb2O9, ka tara C/T a kan T, inda C riƙe zafi ne, T kuma zafi. Sifin rabi zai ba ka R ln 2, wato 5.76 J a kowane mol a kowane K. In jimillar ta gaza sosai, ko dai ba ka sauka ƙasa isasshe ba, ko ka cire na raga fiye da kima.

Kurakuran aiki kuma sanannu ne. Na'urar awo ta PPMS tana ɗumama samfur da kamar kashi 2 cikin ɗari na zafinsa sannan ta bi yadda yake hucewa. A 3.8 K wannan 76 mK ne. Tsinin da bai kai haka faɗi ba za ta shafe shi, sauyi biyu da ke maƙwabtaka kuma su zama ɗaya. Kusa da sauyi a rage zuwa kashi 0.5, a matse tazarar maki. Samfur ya zama falle siriri, miligiram 1 zuwa 5, a manne shi da giris ɗin Apiezon N ɗan ƙyas, kuma a auna dandalin da giris ɗin kaɗai tukuna a kowane fili da za a yi aiki da shi. Samfur mai kauri zafi ba ya ratsa shi da wuri, lissafin na'urar ya karkace. Ƙasa da kamar 0.3 K kuma za ka ga C yana hawa kamar 1/T². Wannan na sifin ƙwayar atam ne, kobalt 59 yana da 7/2, kada ka ɗauke shi farkon wani sabon tsini.

Malam Isuhu:
In ƙara kan na Injiniya: hanyar nan ta ɗan ɗumi ba ta ganin sauyi mai tsalle, irin mai ɓoyayyen zafi. Ɗumamawar farko za ta haye da samfur, ba zai dawo ta inda ya bi ba, maimaici na biyu da na uku su ba da lamba ƙarama, na'urar kuma ta haɗa su ta raba. CuFeO2 misali ne. Yana da sauyi a 14 K da kuma 11 K, na ƙasan mai tsalle ne, inda yake faɗawa tsarin sama-sama-ƙasa-ƙasa, ragar ma ta ɗan lanƙwashe. A irin wannan sai a yi dogon ɗumi guda, kashi 20 zuwa 30, a ciro C daga gangaren layin hawa daban, na sauka daban. In tsinin hawa da na sauka ba su faɗa wuri ɗaya ba, ka sami shaidarka.

Malama Hadiza:
Mu shiga fili, don a nan ne ragar alwatika take nuna kanta. In ka ɗauki sifin a matsayin kibiya, sharaɗin mafi ƙarancin kuzari shi ne jimillar ukun ta yi daidai da wani ƙayyadadden tsayi a alkiblar fili. Kibiya uku kusurwa 6 ke nan, sharaɗi 3, saura 3. Ɗaya juyawa ce kawai a kewayen fili, biyun kuwa sakaka suke. Don haka tsarin laima, inda ukun suka buɗe a kewayen fili, kuzarinsa ɗaya da tsarin da ukun suke kwance a shimfiɗa guda. Kaɗawa ce ke raba gardama, abin da Villain da abokan aikinsa suka kira tsari daga hargitsi a 1980. Kaɗawa ta fi son sifin su jeru a layi ɗaya, in bai samu ba a shimfiɗa ɗaya. Jerin da ke fitowa: siffar Y a ƙaramin fili, sai sama-sama-ƙasa, sai siffar V inda biyu suka haɗe ɗaya ya ware, sai ƙoshi.

Sama-sama-ƙasa yana ba da sulusin cikakken maganaɗisu cif, kuma yana da giɓin kuzari, shi ya sa layin M, wato maganaɗisun samfur, yake kwantawa ya yi dandamali. Chubukov da Golosov sun hango shi a 1991. Ga lissafin da kowa zai iya yi a bayan ambulan: filin ƙoshi 9JS/gμB ne, wato 4.5J ga sifin rabi. J na 18 K ya ba da kamar 81 K, g na 3.8 ya ba da 2.55 K a kowace tesla, ka raba ka sami 32 T. Lissafin kwantam ya sa dandamali tsakanin kamar 0.3 da 0.47 na wannan filin, wato 10 T zuwa 15 T. Abin da Shirata da Tanaka da abokansu suka gani ke nan a Jafan a 2012, aka ƙara tabbatar da shi da kiristal guda a shekarar da ta biyo.

Dakta Bashir:
Malama, da sharaɗin fili yana kwance cikin shimfiɗar ragar. In aka miƙa shi a layin c, fifikon kwanciya yana mara wa laima baya, sai ta riƙe har wajen 12 T kafin ta faɗi, kuma ba a samun shimfiɗaɗɗen dandamali irin wancan. CsCuCl3 ma haka, tsalle yake yi a 12.5 T, wanda Nikuni da Shiba suka fassara a 1993. Wannan ya sa awon gari yake ruɗarwa: ƙwayoyin suna kallon ko'ina, gefen dandamalin ya zama gangare. Da kiristal ma sai an saita shi da kyamarar Laue, a manne shi da kyau. Fili mai ƙarfi yana murɗa samfurin da ke da fifikon alkibla, yana iya karkatar da dandalin awon zafi, har ya tsinke wayoyinsa.

Kuma Auwalu ya lura da na'urar da ke hannunsa. A sanyi sosai, mai 9 T ba za ta ko taɓa bakin dandamalin Ba3CoSb2O9 ba. Mai 14 T za ta shiga amma ba za ta fita ba. RbFe(MoO4)2 ya fi sauƙi, zafin Néel ɗinsa 3.8 K shi ma, ƙoshi wajen 18 T, dandamali tsakanin kamar 5 T da 7 T. Na2BaCo(PO4)2 kuwa gaba ɗaya taswirarsa ƙasa da 2 T take, amma sauyinsa yana wajen 0.15 K, sai da firjin gauraya hiliyam 3 da 4.

Zulai:
Yaya Bashir, ina da ja a kan sa RbFe(MoO4)2 a layi ɗaya da na kobalt. Fe3+ sifin 5/2 ne, kusan kibiya. Dandamalinsa zafi ne ke riƙe da shi galibi, ba kwantam ba. Ana gane bambancin: wanda zafi ya haifa yana faɗaɗa in an ɗumama, yana tsukewa in an nufi sifiri. Na kwantam yana nan da faɗinsa komai sanyi. In mutum ya auna a zafi ɗaya tak ya ce ya ga aikin kwantam, bai nuna komai ba. Kuma Smirnov da abokansa sun nuna a 2017 cewa in aka maye wani kaso na Rb da K, dandamalin yana ɓacewa a sanyi, domin hargitsin da ke daskare cikin raga akasin abin da kaɗawa ke so yake so, wato sifin su baje. Ƙazantar samfur kaɗai tana iya goge layi daga taswirarka.

Dakta Bashir:
Gaskiyarki, ƙanwata, na karɓa. Na kawo shi ne don sauƙin fili. Amma ki bar mini wannan: siffar taswirar iri ɗaya ce, kuma a duka biyun iyakar sama-sama-ƙasa tana turowa zuwa zafi mafi yawa fiye da na babu fili. Wanda ya saba da antiferomagnet na yau da kullum zai zaci fili kullum rage zafin Néel yake yi. A nan sai ka ga tsinin ya matsa sama, kuma ya rabu biyu, domin kana ratsa sama-sama-ƙasa kafin ka shiga Y.

Malam Isuhu:
Ga mai zuwa filin bugu, irin na Dresden ko Los Alamos ko Kashiwa, akwai wani tarko. Bugun milisakan kaɗan ne zuwa 'yan gommai, samfur mara ɗaukar lantarki ba ya samun damar musayar zafi da ruwan hiliyam. Entirofi ne ke tsaye, zafi kuwa yana yawo. Kai ka rubuta 1.3 K a takarda, samfurin yana wani wuri dabam. Maganin: samfur siriri a nutse cikin ruwa, a kwatanta hawa da sauka, a maimaita da bugu mai tsayi daban. Ana kuma iya mai da matsalar ta zama awo. A fili mai tsayuwa a ja shi a hankali, kamar 0.1 T zuwa 0.5 T a minti, ana karanta zafin samfur. In alamar ta juye tsakanin hawa da sauka, sauyin mai lallaɓawa ne. In duka biyun ɗumi suka bayar, akwai tsalle da gogayya. Wannan hanyar ta fi awon riƙe zafi a iyakokin da ke kwance a taswira, inda ratsawa ta zafi ba ta haye layin. A Na2BaCo(PO4)2 tasirin ya yi ƙarfi har rahoton 2024 ya nuna an sauka ƙasa da 0.1 K da shi.

Auwalu:
Allah ya saka da alheri. To in na ga dandamali a sulusi, na gama tabbatar da sama-sama-ƙasa ke nan? Ko sai niyutiron?

Zulai:
Sulusin ma sai ka cire Van Vleck, in ba haka ba dandamalin zai fito a karkace, lambar kuma ta zarce. Duba dM/dH, wato gangaren layin M da fili, ya kamata ya faɗi ƙasa tsakanin tsini biyu. Niyutiron kuma ba ya yanke hukunci da wurin tsini kaɗai, domin 120 da Y da sama-sama-ƙasa da V duk a (1/3, 1/3, L) suke fitowa, tunda duk gida uku suka raba ragar. L ne ke gaya maka yadda faifai suka hau juna. Bambancin yana cikin ƙarfin tsinin, kasancewar niyutiron ɓangaren sifin da ke gicciye da Q, alkiblar watsuwarsa, kaɗai yake gani, don haka sai an tara tsini da yawa masu L daban. NMR ya fi saurin magana: a sama-sama-ƙasa layi biyu ne, ɗaya ya ninka ɗaya ƙarfi, kuma ba sa matsawa da fili muddin kana kan dandamali.

Malam Isuhu:
Akwai tambayar da har yau ba a rufe ba, kuma ta shafi sauyi ɗayan nan na babu fili. Tsarin 120 yana da hannu: in ka zagaya alwatika, sifin na juyawa dama ko hagu. Kawamura ya ce wannan ƙarin zaɓin yana haifar da sabon aji na sauyi a faifan da aka jera, da lambobin ma'aunin sauyi α kamar 0.34, β kamar 0.25, ν kamar 0.54, nesa da XY na yau da kullum mai β 0.35 da ν 0.67. CsMnBr3, mai sauyi a 8.3 K, ya ba da lambobi kusa da nasa. Ni ina ganin awon ya mara masa baya.

Malama Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, a nan ba na tare da kai. Ɗauki lambobin da ka kawo ka saka a η = 2β/ν − 1. Sau biyu na 0.25 a raba da 0.54 ya ba da 0.93, η ya fito kamar −0.07. Sauyi mai lallaɓawa na gaske ba ya ba da η ƙasa da sifiri. Wannan ita ce hujjar Tissier da Delamotte da Mouhanna: tsalle ne ɗan ƙarami, tsayin alaƙa yana girma sosai kafin ya yanke, sai awo ya ga kamar ƙa'idar ma'auni tana aiki. Shi ya sa lambobin suke bambanta daga sinadari zuwa sinadari, abin da aji ɗaya bai kamata ya yi ba. Holmiyam da disfurosiyam masu tsarin murɗe ajinsu ɗaya ne a ƙa'ida, amma β ɗinsu ya fi na CsMnBr3 girma a fili.

Malam Isuhu:
Malama, −0.07 yana cikin kuskuren awon ν. Matsa shi zuwa 0.50, η ya koma sifiri. Kuma lissafin Calabrese da abokansa ya sami tsayayyen wuri. Na yarda dai awo bai isa ya raba mu ba tukuna. Don a gani sai an kusanci sauyin da kashi ɗaya cikin dubu, 8 mK ke nan a CsMnBr3, kuma a daidai nan ƙazantar kiristal take fara dakushe tsinin.

Injiniya Rabi'u:
Wanda zai gwada wannan a kwamfuta da Monte Carlo, tsayin raga L dole ya rabu da 3, in ba haka ba gefe da gefe ba za su haɗu da tsarin gida uku ba, ka ƙirƙiro katangar da babu ita. Yi 24, 36, 48, 72, kana duba rabuwar kuzari a daidai sauyin. Tudu biyu da ramin da ke zurfafa in L ya ƙaru, tsalle ne. A ƙananan L tudu ɗaya za ka gani ko da tsallen yana nan, abin da ya ja wannan gardamar ke nan. A faifai guda cikin fili, shiga sama-sama-ƙasa zaɓi ne na ɗaya cikin uku, ajin Potts mai hali 3, β 1/9, α 1/3, daga nan zuwa Y kuma irin na Berezinskii da Kosterlitz da Thouless ne, wanda kusan ba ya barin tsini a riƙe zafi, sai ka bi taurin sifin. Ga sifin rabi kuwa Monte Carlo na kwantam yana cin karo da matsalar alama, sai hanyar lissafi ta DMRG a kan silinda, ita ce ta ba White da Chernyshev 0.205 a matsayin girman sifin da ya daidaita a 2007, maimakon 0.5.

Zulai:
Auwalu, tunda ka kawo wanda bai nuna sauyi ba, ka riƙe YbMgGaO4 kusa. Da ya fito a 2015 an yi ta murnar an sami ruwan sifin da Anderson ya yi hasashe a 1973, wato halin da sifin ba ya daidaituwa ko a sifiri. Amma Mg da Ga suna zaune a gurbi ɗaya ba tsari, kowane Yb da irin maƙwabtansa, kuma awon fili mai kaɗawa ya nuna tsini kusa da 0.1 K. In ka sami irin wannan tsinin, auna shi a mita uku ko huɗu, daga 'yan hertz zuwa dubu. In yana matsawa sama da ƙaruwar mita, daskarewa ce irin ta gilashin sifin. In ya tsaya wuri ɗaya, tsari ne mai dogon zango, sai ka koma ka neme shi a riƙe zafi da ɗumi na kashi 0.5.